Wasiƙar Irmiya Zuwa Babila: Me Kirista Zai Yi da Alkawarin Maidowa?

  

Yau za mu yi magana a kan alkawaran maidowa. Wato wuraren da Allah ya faɗa a cikin Littafi Mai Tsarki cewa zai mayar wa mutanensa abin da suka rasa, ya gina abin da ya rushe, ya komo da waɗanda aka kora. Muna jin alkawaran nan a wa'azi. Muna rera su a Zumuntar Mata. Muna liƙa su a bayan mota da ƙofar shago. To ga tambayata: ka ji alkawari, ka ce amin. Bayan amin ɗin fa? Gari ya waye, me za ka yi?

Mai Littafi Mai Tsarki a kusa, ya ɗauko. Ku buɗe Irmiya sura 29. A nan za mu fi daɗewa.

Kashi na farko: wa aka rubuta wa wannan alkawari?

Yawancinmu mun san aya ta 11. Ita ce ayar da Allah ke tabbatar wa mutanensa cewa nufinsa a kansu na alheri ne, kuma gabansu akwai bege. Aya ce mai daɗi ƙwarai. Amma tana cikin wasiƙa, kuma wasiƙa tana da masu ita.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya zo Urushalima da yaƙi. Babila tana cikin ƙasar da muke kira Iraƙi a yau. Ya kwashe sarki Yekoniya da mahaifiyarsa, da fadawa, da maƙera, da masassaƙa. Littafin Sarakuna na Biyu sura 24 ya ce mutum 10,000 ne. Annabi Ezekiyel yana cikinsu. Aka kai su ƙasar da ba su jin harshenta, aka zaunar. Wannan shi ne zaman bauta, wato zaman dole a ƙasar wani. In kana son jin yadda zuciyarsu take, karanta Zabura 137. Kuka ne da ɗacin rai, har waƙa ta gagare su.

Waɗannan mutane annabi Irmiya ya rubuta wa daga Urushalima. Ku riƙe wannan: jama'a ce aka rubuta wa, jama'ar da ta rasa gida da gona da wurin sujada.

Yanzu ku ɗaga ido zuwa aya ta 10. Nan aka faɗi lokaci. Shekara 70.

Baba, yi lissafi. Wanda aka kama yana da shekara 40, zai ga ranar komawa? Da wuya. Matar da ta shiga Babila da goyo, wataƙila jikokinta ne za su taka ƙasar Yahuza. Alkawarin gaskiya ne. Allah ya cika shi. Amma da yawa cikin waɗanda suka fara jin wasiƙar, a Babila aka binne su.

To me Allah ya ce su yi kafin lokacin? Ku duba aya ta 5 zuwa ta 7. Ya ce su yi gini su zauna. Su yi lambu su ci daga ciki. Su yi aure, su aurar da 'ya'yansu, kada yawansu ya ragu. Sannan ga mai nauyin: su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyar birnin. Wane birni? Babila. Garin mutanen da suka kamo su.

Zan maimaita. Gini, lambu, aure, da addu'a domin gari. Wannan ce amsar farko da Allah ya nema daga masu riƙe da alkawari.

Ɗan'uwana, ka san irin wannan zama. Wasunku da ke saurarona sun baro ƙauyukansu a gefen Gwoza, ko Madagali, ko kudancin Kaduna, ko Filato. Wasu suna sansanin Minawao a Kamaru. Ana cewa bana za a koma, baɗi za a koma. Kaya suna ɗaure a buhu. Yaro ya isa shiga makaranta, an ce a bari sai an koma gida. Yarinya tana son koyon ɗinki, an ce ai nan ba wurin zama ba ne. Shekara ta bi shekara. Ina roƙonka, kwance buhun nan. Sa yaron a makaranta inda kake. Nemi aron fili ka shuka kuɓewa ko gyaɗa. Yin haka bai nuna ka fid da rai da komawa ba. Umarnin da Allah ya ba masu jira ke nan.

Ga wani abu da ba na so kowa ya fahimce ni a karkace. Annabawa sun faɗa a fili cewa zunubin Yahuza ne ya jawo musu bauta. Amma ba kowace hasara ce horo ba. Ayuba bai yi laifin da abokansa suka ɗora masa ba. A Yohanna sura 9, da almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Saboda haka 'yar'uwata, in an ƙone miki gida, kada wani ya ƙara miki ciwo da cewa alhakinki ne.

Mu shiga kashi na biyu: masu gajarta wa Allah lokaci.

Ku koma baya kaɗan, sura 28. Akwai wani annabi, Hananiya, mutumin Gibeyon. A lokacin Irmiya yana yawo da karkiya ta itace a wuyansa, irin wadda ake ɗaura wa shanun noma, don ya nuna cewa mulkin Babila zai daɗe. Hananiya ya miƙe a Haikali, gaban firistoci da jama'a, ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo: sarki, da mutane, da kayan Haikali. Ya cire karkiyar daga wuyan Irmiya, ya karya ta.

Ku lura da Irmiya. Da ya ji maganar Hananiya, amin ya fara cewa. Shi ma yana so a ce haka ne. Wa ba ya son wahala ta ƙare da wuri? Amma ya ƙara da cewa annabin da ya yi albishir na salama, sai maganarsa ta cika za a san Allah ne ya aiko shi. Daga baya Allah ya aiki Irmiya ya gaya wa Hananiya cewa ya sa mutane sun dogara ga ƙarya. A wata na biyar aka yi wannan gardama. A wata na bakwai Hananiya ya mutu.

Masu sauraro, irin su Hananiya ba su ƙare ba. Ka je taron addu'ar dare. An karanta ayar maidowa, an ɗaga murya. Sai a ce cikin kwana 7 za ka ga abin mamaki, amma ka fara kawo kaza. Ko a fito da kwalbar mai, a sa mata farashi. Gwauruwa ta kwance bakin zanenta, ta ba da kuɗin da za ta sayi masara. Kwana 7 suka wuce, shiru. Sai a ce bangaskiyarta ce ta yi kaɗan. Ta rasa kuɗi, ga shi kuma ana neman raba ta da Allahnta.

Wannan abu yana ci mini rai, kuma zan faɗe shi kai tsaye. Alkawarin Allah ba na sayarwa ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 8, wani Saminu ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da zafi. Ka ba da baiko da zakka a ikilisiyarka da farin ciki, wannan daidai ne. Amma duk wanda ya yanka wa alkawari farashi, ko ya yanka wa Allah ranar da Allah bai faɗa ba, ka yi hankali da shi. Ka rubuta ranar da ya faɗa. In ta wuce ba abin da ya faru, Maimaitawar Shari'a sura 18 ta riga ta gaya maka yadda za ka ɗauke shi.

To shi Irmiya, da yake ya gaskata, ina ya sa kuɗinsa? Sura 32 ta ba mu amsa, kuma ina ƙaunar wannan labari. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima. Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara, don sarki Zadakiya bai ji daɗin wa'azinsa ba. Sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa da ke Anatot, garinsu. Ku yi tunani. Gari yana gab da faɗuwa, wa zai sayi gona? Irmiya ya saya. Ya auna azurfa shekel 17, shekel kuwa ma'aunin nauyi ne na zamanin. Ya kira shaidu. Ya sa hannu a takarda, ya buga hatimi. Ya ba Baruk magatakardansa, ya ce a sa takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Dalilinsa shi ne Allah ya ce za a sāke cinikin gidaje da gonaki a ƙasar.

Kun ga bangaskiya mai shaidu da takarda. Don haka, Mama, takardun gonar nan da kika gudo da su, ki adana. Takardar haihuwar yara, da sakamakon jarrabawarsu, ki nannaɗe a leda ki ɓoye. Wanda ya gaskata akwai gobe, yana yi wa gobe tanadi.

Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce mu dubi manomi. Kun fi ni saninsa. Bai isa ya saukar da ruwa ba. Amma tun cikin zafin bazara yake sharar gona, yana kai taki, yana tanadin iri. Ruwa na Allah ne, shara kuwa tasa ce. In ruwan ya sauka a gonar da ba a share ba, ciyawa ce za ta ci riba.

Kashi na uku: abin da ke hannunka na wani.

Da shekarun suka kusa cika, Daniyel, wanda ya tsufa a Babila, ya karanta littafin Irmiya, ya ga batun shekara 70. Yana cikin Daniyel sura 9. Bai naɗe hannu ya ce ai an riga an yi alkawari ba. Ya shiga azumi da addu'a, yana furta zunubin al'ummarsa, yana sa kansa a ciki. Haka yake a Yowel sura 2. Kowa ya san aya ta 25, inda Allah ya ce zai rama shekarun da fara ta cinye. Kafin ka kai can, sai ka bi ta aya ta 12 da ta 13, inda aka kira mutane su juyo ga Allah da dukan zuciya. Tuba tana gaba, maidowa tana biye.

Tuba kuwa tana da hannu da ƙafa. Ku ji abin da ya faru a zamanin Nehemiya. Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, ya zo ya jagoranci gina garun Urushalima, aka gama cikin kwana 52. Ana tsakiyar aikin sai kuka ya tashi, yana cikin sura 5. Talakawa suka ce yunwa da haraji sun sa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu. Wasu har 'ya'yansu mata sun shiga bauta. A hannun wa? A hannun 'yan'uwansu Yahudawa masu hali. Mutanen da Allah ya komo da su gida, su ne suke mai da junansu bayi.

Nehemiya ya fusata. Ya tara taro, ya ce a mayar wa mutane gonakinsu da gidajensu a ranar, a daina karɓar ruwa a kan bashi. Ya kira firistoci, ya sa masu kuɗin suka rantse. Shi kansa, shekara 12 yana gwamna, bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba.

Yanzu bari in tambaye ka, dattijon ikilisiya. Kana addu'a Allah ya maido maka abin da ka rasa. Gonar marayun ƙanenka fa, da ka ce kana riƙe musu, ga su sun girma? Kuɗin adashen da ke wurinki, 'yar'uwa, wanda kika ce kin manta? Kayan agaji da aka kawo wa 'yan gudun hijira, aka ga wasu buhunan a kasuwa? Wani yana can yana kuka ga Allah ya maido masa, abin nasa kuwa yana ɗakinka. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa a Yariko, ya ce zai mayar ninki 4 ga duk wanda ya zalunta. A nan ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan.

Ko a labarin Ayuba, ku duba sura 42 aya ta 11. 'Yan'uwansa maza da mata da abokansa na dā suka zo, kowa ya kawo kuɗi da zoben zinariya. Allah ne ya maido, amma ta hannun mutane ya fara. Sau da yawa haka yake yi. Ikilisiyar da ke wa'azin maidowa ran Lahadi, ya kamata ran Litinin a ga matasanta suna kwaɓa ƙasa a gidan gwauruwar da katangarta ta faɗi.

Mun zo kashi na huɗu. Shi ne mafi wuya a faɗa, don haka ku ba ni hankalinku.

Allah ya cika maganarsa. A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila. Bayan haka ya ba da izini Yahudawa su koma. Ezra sura 2 ta ƙidaya mutum 42,360. Suka iso, suka tarar da kufai, domin an ƙone Haikalin tun wajen shekara ta 586. Suka gina bagade, suka aza harsashin sabon Haikali.

Ranar aza harsashin, Ezra sura 3 ta ba da labari. Firistoci da ƙahoni, Lawiyawa da kuge, jama'a suna sowa. Amma tsofaffin da suka ga Haikali na fari da idonsu, da suka dubi wannan harsashi, sai suka fashe da kuka. Sowa da kuka suka gauraye, har mai ji daga nesa ba ya iya rarrabewa. Kuma ba inda aka rubuta cewa an tsawata wa tsofaffin nan.

Abin da wannan ke koya mana shi ne, maidowa a duniyar nan ba ta mayar da komai yadda yake a dā. Ayuba ya rasa tumaki 7,000, ya sami 14,000. Ya rasa raƙuma 3,000, ya sami 6,000. Ya binne 'ya'ya 10, aka haifa masa wasu 10. Tambayi duk uwar da ta binne ɗa, za ta gaya maka sabon jariri farin ciki ne, amma ba ya cike gurbin wancan.

Mun ga irin wannan a kusa da mu. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Daga baya aka dawo, aka gyara, har a 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100 da farawa a Garkida. Wannan abin godiya ne. Amma a ikilisiyar nan ne akwai iyayen da yawa daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, kuma har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. A Damagaram da Yamai ma, an ƙone majami'u a Janairun 2015. Ana iya sāke ɗora rufi, amma wanda ya ga wutar da idonsa yana tunawa.

Saboda haka in ka koma garinku ka ga an yi sabon gini, hawaye suka zubo maka, kada ka ce bangaskiyarka ta raunana. Yi godiya, ka kuma yi kukanka. Ku kuma matasa, in kun ga tsoho yana hawaye ranar buɗe sabuwar majami'a, kada ku ce masa ya yi shiru. Ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi sunayen waɗanda yake tunawa.

Yesu kansa, da ya tashi daga matattu, da tabon ƙusoshi ya tashi. Ya nuna wa Toma hannuwansa da kwiɓinsa. Mutuwa ta sha kashi, tabon kuwa yana nan. Bitrus da ya yi musun saninsa sau 3, Yesu ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, sannan ya danƙa masa kiwon tumakinsa. An maido da Bitrus, kuma aiki aka maido shi ya yi, aikin da Yesu ya gaya masa a wurin cewa zai kai shi ga mutuwa.

Akwai kuma waɗanda ba za su ga amsa a wannan rai ba. Ibraniyawa sura 11 ta lissafa mutanen bangaskiya, ta ce sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa abin da ke sukarsa a jiki, ba a cire ba, alheri aka ba shi na ɗauka. Cikakkiyar maidowa tana jiran dawowar Almasihu. A Ayyukan Manzanni sura 3 aya ta 21 Bitrus ya yi maganar lokacin da za a sabunta dukan abubuwa. Ru'ya ta Yohanna sura 21 ta nuna ranar da mutuwa da makoki za su ƙare. Kai da ke kwance a gadon asibiti, likita ya faɗa maka abin da ba ka so ji ba, alkawarin nan naka ne. Ka ci gaba da roƙon warkarwa, mu ma muna roƙo tare da kai. Ka sha maganinka. In Ubangiji ya tashe ka daga gadon, za mu yi murna. In ya kira ka gida, tashin matattu yana gabanka, kuma ba wanda zai ƙwace maka shi.

Lokacinmu ya kusa ƙarewa, sai in ba ku aikin mako. A sujadar iyali, ku karanta Irmiya 29 daga aya ta 1 zuwa ta 14, kada ku tsallake ko ɗaya. Da kun kai aya ta 7, ku dakata, ku ambaci sunan garin da kuke zaune. Ku yi addu'a domin mai unguwa, da kasuwa, da rijiya, da maƙwabtanku Musulmi, waɗanda da yawansu su ma sun rasa gidaje da 'ya'ya a wannan masifa.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu buɗe littafin Haggai. Mutanen nan da suka aza harsashi da sowa da kuka sun bar aikin ya tsaya har shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, kowa ya koma gyaran gidansa. Za mu ga abin da ya tsayar da su, da yadda aka sāke kama aikin Haikalin a zamanin sarki Dariyus. Littafin surori biyu ne kawai, ku karanta kafin mu haɗu.

Ubangiji ya kiyaye ku. Sai mun sāke saduwa.